Yadda ake daidaita sinadaran garin haidroksiyafatait kafin a gasa shi ya zama tangaran na dashen ƙashi

Wanda ya taɓa gasa garin haidroksiyafatait a ɗakin gwaji zai iya sanin wannan takaici: ana fitar da faya-fayan daga tanderu farare tas, masu ƙara kamar faranti idan an ƙwanƙwasa su, a ajiye su a kan kanta, amma bayan kwana biyar ko mako guda a dawo a tarar bakinsu ya fara gutsurewa, wasu ma sun tsage gida biyu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Abin da yawancin ɗalibai ke yi a nan shi ne su zargi tanderun, su ƙara zafi ko su ƙara lokaci, alhali matsalar tana cikin garin tun kafin a kunna wuta. Wannan bayani ya shafi yadda ake gano irin wannan matsala da wuri, da yadda ake shirya gari wanda zai gasu ya haɗe, ya kuma yi ƙarfin da ake tsammani daga gare shi.

Haidroksiyafatait, wanda za mu riƙa taƙaitawa da HA, shi ne ma'adinin da ya fi kama da abin da ke cikin ƙashi da haƙorin mutum, kuma shi ya sa likitocin ƙashi da na haƙori suke amfani da shi wajen cike gurbin ƙashin da ya lalace da kuma shafe ƙarfen da ake dasawa a jiki. Tsarinsa shi ne Ca10(PO4)6(OH)2, wato duk inda aka sami ƙwayar kalsiyam 10 akwai ta fosfaras 6, kuma idan aka raba 10 da 6 za a sami 1.67. Wannan adadi, da ake rubutawa Ca/P, shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Gashin da ake yi masa kuwa, wanda masana ke kira sintarin, ba narkarwa ba ce: ana ɗaga zafi ne zuwa inda ƙwayoyin garin za su fara mannewa da juna a wuraren da suka taɓa juna, kafofin da ke tsakaninsu su yi ta ƙanƙancewa har abin ya zama dunƙule guda.

A fara da awo, ba da wuta ba

Hanyar da ta fi sauƙi wajen haɗa garin ita ce a ɗiga asid ɗin fosforik a cikin ruwan kalsiyam haidroksaid. Lissafin a bayyane yake idan aka yi shi da mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari: mol 10 na kalsiyam haidroksaid da mol 6 na asid suna ba da mol 1 na HA da mol 18 na ruwa. Idan ana son kimanin giram 100 na gari, ana buƙatar giram 74.1 na kalsiyam haidroksaid da giram 58.8 na tsantsar asid, amma da yake asid ɗin da ake sayarwa yawanci ƙarfinsa kashi 85 cikin ɗari ne, sauran ruwa ne, abin da za a auna daga kwalba shi ne giram 69.2. Mutane da dama sun ɓata aikin wata guda saboda mantuwa da wannan gyara guda ɗaya. Akwai kuma wani tarko a ɓangaren kalsiyam: kalsiyam haidroksaid da ya daɗe a kwalbar da ake buɗewa kullum yana shan iskar kabon dayoksaid ya koma kalsiyam kabonet a hankali, don haka nauyin da aka auna ba ya ba da adadin kalsiyam ɗin da aka yi lissafi da shi. Gara a gasa kalsiyam kabonet mai tsabta a kusan digiri 900 zuwa 1000 na ma'aunin Salshiyas, a auna oksaid ɗin da ya fito da zarar ya huce, a jiƙa shi a ranar. Ɓawon ƙwai ma yana yin wannan aiki, domin kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, sai dai yana zuwa da ɗan maganiziyam wanda za mu yi magana a kansa nan gaba.

A zuba asid ɗin a hankali, ɗigo bayan ɗigo, ana motsawa ba tsayawa, kuma a sa ido a kan ma'aunin pH, wanda ke sauka idan ruwa ya ƙara tsami. Wajibi ne ya tsaya a sama da 9, gara ma kusa da 10, ana tallafa masa da ruwan amoniya idan ya fara sauka. Dalili shi ne idan ruwan ya karkata zuwa tsami, abin da ke kwantawa a ƙasa ba cikakken HA ba ne, afatait ne, wato ɗan'uwan HA mai tsari iri ɗaya, amma mai ƙarancin kalsiyam, ko da kuwa awon farko daidai yake, domin wani ɓangare na kalsiyam ɗin zai zauna a cikin ruwan a zubar da shi wajen tacewa. Bayan an gama, a bar haɗin ya kwana, sannan a tace, a wanke, a busar a kusan digiri 100, a niƙa.

Abin da ke faruwa idan Ca/P ya kauce

A nan ne ya kamata a daɗe, saboda kaucewa ta gefen ƙasa da kaucewa ta gefen sama ba illa ɗaya suke yi ba.

Idan Ca/P ya gaza 1.67, garin zai yi kama da HA a ido har ma a na'ura matuƙar bai ga wuta ba, amma da zarar zafi ya wuce kimanin digiri 700 zuwa 800 sai ya rabu gida biyu: HA na gaskiya da kuma tiraikalsiyam fosfet nau'in beta, wato β-TCP, wanda nasa Ca/P ɗin 1.50 ne. Ana iya lissafa yawan kowanne da alƙalami. Gari mai Ca/P na 1.65 zai ba da β-TCP kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyi, mai 1.60 kuwa zai ba da kusan kashi 38. A lura da ƙanƙantar tazarar: bambancin 0.07 kacal ya mayar da fiye da sulusin abin zuwa wani sinadari dabam. Wannan ba lallai aibi ba ne, domin β-TCP yana narkewa a jiki da sauri fiye da HA, kuma da gangan ake yin haɗin kashi 60 na HA da kashi 40 na β-TCP don dashen da ake so ƙashin mutum ya maye gurbinsa a hankali. Aibin yana zuwa ne wajen gashi. A kusan digiri 1125, β-TCP yana juyewa zuwa nau'in alfa, wanda tsarinsa ya fi sakwakwa, yana cin wuri fiye da na beta. Ƙwayoyin da suka kumbura a tsakiyar jikin da ya riga ya fara haɗewa suna tura maƙwabtansu, su bar ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kuma suna hana kafofi rufewa. Saboda haka gari mai β-TCP da yawa yana cikin tsaka mai wuya: ƙasa da 1125 bai gama haɗewa ba, sama da haka kuma yana tsattsagewa.

Idan kuma Ca/P ya haura 1.67, rarar kalsiyam ɗin tana fitowa a matsayin kalsiyam oksaid, kuma wannan ya fi muni. Shi ne sanadin faya-fayan da suka gutsure a kan kanta. Kalsiyam oksaid yana jawo danshi daga iska ya koma haidroksaid, girmansa ya kusan ninkawa, ya fasa abin da ke kewaye da shi daga ciki. Maginan tukwane sun san irin wannan tun da daɗewa, domin ɗan tsakuwar farar ƙasa da ya ɓuya a cikin yumɓu yakan ɓantare bangon tukunya kwanaki bayan an fitar da ita daga wuta. Abin da ya faru a iskar ɗaki zai faru da sauri a cikin jikin mutum, inda ruwa ke ko'ina. A ganina, wanda ba zai iya samun 1.67 cif ba ya karkata kaɗan zuwa ƙasa, kamar 1.66 ko 1.65, ya fi masa alheri fiye da ya haura ko da kaɗan ne. Ɗan β-TCP ƙanƙani ba ya rushe ƙarfin abu, amma kalsiyam oksaid ko kashi ɗaya cikin ɗari yana iya yin hakan.

Gwajin da za a yi kafin a danna garin

A ɗebi giram biyu ko uku a gasa a digiri 1000 na tsawon sa'o'i da yawa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce sa'a 15, domin duk abin da zai rabu ya rabu. Sannan a kai wa na'urar XRD, wadda ke haska gari da hasken eksire ta zana tsaunukan da kowane sinadari ke da nasa. Idan fitilar na'urar ta tagulla ce, babban tsaunin HA yana kusa da digiri 31.8 (digirin kusurwa ne a nan, ba na zafi ba), na β-TCP yana kusa da 31.0, na kalsiyam oksaid kuwa yana kusa da 37.4. Wanda ya auna garin ɗanye bai auna komai ba, domin afatait mai ƙarancin kalsiyam da cikakken HA zane iri ɗaya suke bayarwa kafin gashi.

Ga wanda na'urar ta yi masa nisa, ko layin jiranta ya yi tsawo, akwai gwaji mai arha da ke kama rabin matsalar. A zuba ɗan garin da aka gasa a cikin ruwa mai tsabta, tun bai daɗe da fitowa daga tanderu ba, a ɗiga masa finolftalin, sinadarin da ke canza launi a ruwa mai pH da ya yi sama. Idan ruwan ya tsaya fari, babu kalsiyam oksaid a sake. Idan ya juya ja-ja mai haske nan take, kamar an ɗiga ruwan zoɓo a madara, to rarar kalsiyam tana nan, kuma bai kamata a ɓata wutar lantarki a kan wannan gari ba sai an gyara shi. Wannan gwaji ba ya nuna β-TCP, amma shi ne ke tsare mutum daga kuskuren da ya fi tsada.

Baƙin sinadarai da abin da kowanne ke yi

Ƙashin mutum ko na dabba ba tsantsar HA ba ne. Yana ɗauke da kabonet kusan kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari, da ɗan sodiyam da maganiziyam da fulorin. Wannan ya shafi duk wanda ke samo garinsa daga ƙashin shanu, hanyar da masu bincike a jami'o'in Nijeriya, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka yi aiki a kanta saboda ƙashi yana samuwa a mayanka ba tare da tsada ba. Ana dafa ƙashin a cire kitse da ɓargo, a busar, a ƙona shi a digiri 800 zuwa 1000 har launinsa ya tashi daga baƙi zuwa toka-toka zuwa fari. Sai dai kabonet ɗin da ke zaune a gurbin fosfet yana ficewa a matsayin iska yayin ƙonawa, ya bar kalsiyam ɗinsa a baya, shi ya sa garin ƙashi kan nuna alamar kalsiyam oksaid. Maganin shi ne a auna, sannan a ƙara ɗan abin da ke da fosfaras don Ca/P ya sauko, ko a wanke garin sosai da ruwa mai tsabta a sake gwadawa da finolftalin.

Maganiziyam yana da fuska biyu. Ƙwayarsa ta fi ta kalsiyam ƙanƙanta, tsarin afatait ba ya karɓarsa da yawa, don haka yana tura abu zuwa β-TCP ko da Ca/P bai kauce sosai ba. Amma a cikin β-TCP ɗin yana zama daram, yana kuma ɗaga zafin da nau'in beta ke juyewa zuwa alfa. Wannan ne mafitar tsaka mai wuyar da aka ambata: wanda yake son haɗin HA da β-TCP mai ƙarfi ya sa ɗan maganiziyam da gangan, sai ya sami damar gasawa a digiri 1200 ko sama ba tare da kumburin nan ba. Silikon akasin haka yake yi, domin nau'in alfa yake so. Ana sa shi a HA saboda yana taimaka wa ƙashi mannewa da dashe, kuma adadin da aka fi sani shi ne kashi 0.8 cikin ɗari na nauyi. Yana shiga gurbin fosfaras ne, don haka dole a rage fosfaras gwargwadon silikon ɗin da aka ƙara, a yi lissafin kalsiyam a kan jimlar su biyun har a sami 1.67. Yana rage girman ƙwayoyi, abin da ke da kyau, amma yana jinkirta haɗewa, sai an ƙara masa zafi. Fulorin kuwa yana shiga gurbin haidroksil, wato OH ɗin da ke cikin tsarin HA, ya sa tsarin ya ƙara jure wuta ya kuma rage narkewa, kamar yadda yake yi a haƙori.

Akwai jarabar da ke kama mutane da yawa, wato zuba garin zakoniya ko alumina, wasu nau'o'in tangaran masu ƙarfi, a cikin HA don a ara masa ƙarfinsu. Tunanin yana da kyau a takarda, amma a zafin gashi zakoniya tana tsotse kalsiyam daga HA ta zama kalsiyam zakonet, abin da ya rage na HA kuma Ca/P ɗinsa ya faɗi ya rikiɗe zuwa TCP. Alumina ma tana yin kwatankwacin haka. Wanda zai bi wannan hanya ya shirya yin gashi a ƙaramin zafi tare da matsi, ko ya fara da afatait mai fulorin.

Dannawa da gasawa

Idan gari ya ci gwaji, a fara ƙona shi a digiri 700 zuwa 900 na sa'a ɗaya ko biyu, a niƙa a tankaɗe, domin dunƙulen gari da ya tsira zuwa cikin mazubi yana zama rami a cikin abin da aka gasa. A cuɗa shi da ɗan abin ɗauri irin su PVA, wani irin ƙaro mai narkewa a ruwa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a danna a mazubin ƙarfe da matsin megafaskal 100 zuwa 200. A ɗaga zafi a hankali, digiri 2 ko 3 a minti, a tsaya a kusan 500 zuwa 600 har abin ɗaurin ya ƙone ya fice, sannan a ci gaba da digiri 5 a minti zuwa tsakanin 1200 da 1250, a riƙe na sa'a biyu, a bar tanderun ya huce da kansa a rufe. Fayafai za su ƙanƙance sosai, sau da yawa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faɗinsu, kuma wannan alama ce mai kyau.

Kada a yarda da tunanin cewa ƙarin zafi ƙarin ƙarfi ne. Tun daga kusan digiri 900 HA yana fara zubar da haidroksil ɗinsa a matsayin tururi, kuma idan aka wuce kimanin 1300 zuwa 1350 a busasshiyar iska yana wargajewa zuwa TCP nau'in alfa da tetrakalsiyam fosfet. Tun kafin a kai nan ma ƙwayoyi sun yi girma, kuma manyan ƙwayoyi suna zuwa da manyan tsagu. Tura ɗan tururin ruwa cikin tanderu yana jinkirta wargajewar ga wanda ke da irin wannan tanderu.

Auna sakamako

A fara da cikar jiki. Cikakken HA marar kafa yana da nauyin giram 3.156 a kowace santimita kubik, kuma ta hanyar Arkimidis, wato auna fayafai a iska sannan a cikin ruwa, ana sanin kashi nawa na wannan aka samu. Abin da ya kai kashi 95 zuwa sama ya haɗe sosai. Ƙarfi yana faɗuwa da sauri ƙwarai idan kafofi suka ƙaru, ba a hankali ba, don haka kwatanta ƙarfin gari biyu ba tare da faɗin cikar jikinsu ba ba ya nuna tasirin sinadari ko kaɗan. Wannan kuskure ne da ake yawan gani a rahotannin ɗalibai: a ce maganiziyam ya rage ƙarfi, alhali abin da ya faru shi ne samfurin mai maganiziyam bai gama haɗewa ba.

Don auna ƙarfin, a yanka sanduna a lanƙwasa su ta hanyar danna su a wurare uku ko huɗu, ko a tsayar da faifai a kan gefensa a matse shi har ya tsage ta tsakiya. A goge fuskar samfur ta yi santsi kafin gwaji, domin tangaran yana karyewa ne daga aibin da ya fi girma a jikinsa, ko da kuwa karce ne na wuƙar yanka. Saboda wannan dalili ne samfuri uku ba sa isa. Goma ne mafi ƙaranci da za a dogara da shi, kuma mai son lissafin Waibul na yadda ƙarfin ke warwatse yana buƙatar kusan 30. HA mai kyau yakan ba da ƙarfin lanƙwasa a kewayen megafaskal 100, amma juriyarsa ga yaɗuwar tsaga kusan 1 ce kawai a ma'aunin da ƙashin mutum mai tauri ke ba da 2 zuwa 12. Wajibi ne a faɗi wannan a fili: duk yadda aka daidaita sinadaransa, HA shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin jiki, kuma bai dace a yi ƙugu ko gwiwa da shi ba. Haka nan garin da aka yi a ɗakin gwaji, musamman na ƙashin dabba, ba abin sawa a jikin mutum ba ne sai ya bi gwaje-gwajen tsabta da na guba da hukumomin lafiya suka gindaya.

Sauran tangaran na jiki

Darasin bai tsaya a HA ba. Alumina, wadda likita Pierre Boutin ya fara dasawa a ƙugun mutum a Faransa a 1970, ba ta gasuwa ta haɗe sarai sai an sa mata maganiziyam oksaid ɗan mitsitsi, wanda ke hana wasu ƙwayoyi yin girman da zai haɗiye kafofi a cikinsu. Robert Coble ne ya gano haka a Amurka. Zakoniya kuwa ba ta tsira daga sanyaya idan tsantsa ce, domin tana juya tsari ta kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari ta farfashe. Da aka sa mata itiriya, wato oksaid ɗin ƙarfen itiriyam, kashi 3 cikin ɗari na mol, sai wannan juyi ya tsaya yana jira, ba ya faruwa sai a bakin tsaga, inda kumburin ke matse tsagar ya hana ta tafiya. Idan itiriyar ta yi kaɗan ko ƙwayoyi suka yi girma a wuta, danshin jiki yana tayar da juyin a fuskar dashe tun ba a so ba.

Gilashin 45S5 da Larry Hench ya haɗa a Jami'ar Fulorida a 1969, mai silika kashi 45, sodiyam oksaid 24.5, kalsiyam oksaid 24.5 da fosfaras oksaid 6, yana manne wa ƙashi fiye da kusan kowane abu, amma ƙarancin silikar da ya ba shi wannan baiwa shi ne ke sa ya daskare ya zama kiristal jim kaɗan bayan ya fara laushi, a kewayen digiri 600 zuwa 700, tun ƙwayoyinsa ba su gama malalowa cikin juna ba. Mai son gasa gilashi ya zama soso mai ƙarfi gara ya koma ga haɗin 13-93, wanda silikarsa ta kai kashi 53, aka kuma sa fotasiyam da maganiziyam a gurbin wani ɓangare na sodiyam da kalsiyam, domin wannan yana buɗe tazara mai faɗi tsakanin laushi da daskarewa, ana iya gasa shi a kusan digiri 700 ya haɗe yana nan a gilashinsa.